Bakteriyar ƙasa masu kama naitirojin da sinadaran girma da suke ba shuka

A cikin ƙasar da ke manne da saiwar gero, dawa, masara da wake akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Wasu daga cikinsu suna iya ɗaukar naitirojin daga iska, wato sinadarin da masu karatun Faransanci suka sani da azot, su mayar da shi abin da tsiro zai iya ci. Da wannan aikin aka fara saninsu. Daga baya bincike ya nuna cewa da yawansu suna da aiki na biyu: suna fitar da irin sinadaran da shuka ke haɗawa a jikinta don tafiyar da girmanta, waɗanda masana ke kira homon na tsiro. A gonar gero, masara, alkama da shinkafa, wannan aiki na biyu ne ya fi bayyana. Sanin haka yana da amfani ga manomi, domin yanzu ana sayar da waɗannan bakteriya a leda da kwalba, wani lokaci da sunan taki, alhali abin da suka fi yi shi ne ƙara wa shuka saiwa.

Naitirojin da masu kama shi

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya amfani da shi a haka. Sai an farfasa shi an mayar da shi amoniya. Masana'antu suna yin wannan da zafi mai tsanani da matsi, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a Jamus, wadda ta fara aiki a masana'anta a shekarar 1913. Daga nan ake samun yuriya. Bakteriya kuwa suna yin sa a cikin ƙasa da wani enzayim da ake kira naitirojinas, wanda ke cin ƙarfi mai yawa, kuma iskar oksijin tana lalata shi.

Masu kama naitirojin sun kasu gida uku. Na farko su ne dangin Rhizobium da Bradyrhizobium, waɗanda ke shiga saiwar wake, gyaɗa, waken soya da itatuwa irin su gawo, su zauna a cikin 'yan ƙullutai. Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth ne suka nuna aikin waɗannan ƙullutai a Jamus tsakanin 1886 da 1888, sannan Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar a 1888. Na biyu su ne masu zaman kansu a cikin ƙasa, irin su Azotobacter, wanda shi ma Beijerinck ya gano a 1901. Na uku su ne masu raɓar saiwar ciyawa da hatsi, ko su shiga cikin jikin shuka ba tare da sun yi ƙullutu ba. A cikinsu akwai Azospirillum, da Herbaspirillum, da Gluconacetobacter da aka samu a cikin rake a Burazil a 1988.

Mene ne homon na tsiro

Homon sinadari ne da ɗan kaɗan daga cikinsa ke sa wani sashe na jiki ya yi wani aiki. Shuka ba ta cin sa kamar taki, saƙo ne. Guda huɗu ne suka shafi wannan magana.

Oksin shi ne ke sa ƙwayoyin jikin shuka su miƙe, kuma shi ke sa saiwa ta fitar da rassa da gashi. Tun a 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura cewa wani abu yana saukowa daga kan tsiron ciyawa ya sa shi lanƙwasawa wajen haske. Frits Went ya tsamo wannan abu a Holan a 1926, kuma a 1934 aka gane sinadarin, wanda ake taƙaita sunansa da IAA.

Jibaralin yana sa kara ya yi tsawo, iri kuma ya tsira da wuri. An gano shi ta hanyar wata cutar shinkafa da ke sa shuka ta yi tsawo fiye da kima har ta faɗi. A 1926 Eiichi Kurosawa, ɗan ƙasar Japan, ya nuna cewa wata ƙwayar cuta mai kama da fumfuna ce ke fitar da sinadarin da ke jawo hakan.

Saitokinin yana sa ƙwayoyin jiki su rarrabu su yawaita, kuma yana jinkirta tsufan ganye. An gano na farko a Amurka a 1955, sannan aka tsamo irinsa daga ƙwayar masara a 1963.

Etilin iska ce da shuka ke fitarwa. Ita ke nunar da ayaba da mangwaro, kuma tana yawaita idan shuka ta shiga wahala, kamar fari, gishiri ko kwanciyar ruwa. Idan ta yi yawa sai saiwa ta daina tsawo.

Daga ciyawar Burazil zuwa saiwar gero

Bayan tashin farashin man fetur na 1973, takin zamani ya yi tsada a duniya, masana suka shiga neman hanyar da hatsi zai samu naitirojin kamar yadda wake ke samu. A Seropédica, kusa da birnin Rio de Janeiro, Johanna Döbereiner da abokan aikinta sun samu wata bakteriya mai kama naitirojin a saiwar ciyawa. A 1978 aka ba ta suna Azospirillum. An sa rai sosai cewa idan aka shafa ta a irin masara ko alkama, za a rage sayen yuriya ƙwarai.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa shukar da aka sa wa bakteriyar takan fi girma, amma da aka auna naitirojin ɗin da ya shiga jikinta daga iska sai aka ga kaɗan ne. Dama an taɓa ganin irin wannan. Tarayyar Sobiyat ta daɗe tana raba wa manoma Azotobacter tun shekarun 1930, kuma a 1968 masana a tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila suka nuna cewa wannan bakteriya tana fitar da sinadaran girma.

Gwajin da ya fi fito da lamarin fili an yi shi ne a kan gero, hatsin da asalinsa yankin Sahel ne. A 1979 masana uku a Jami'ar Florida ta Amurka, Tien da Gaskins da Hubbell, suka raini Azospirillum brasilense a cikin ruwa, suka tace ruwan, suka samu oksin da jibaralin da wasu sinadarai masu aikin saitokinin. Da suka sa bakteriyar a saiwar gero, sai rassan saiwa suka ƙaru, kowane reshe kuma ya cika da gashi. Sannan suka ɗauki wani geron da babu bakteriya a jikinsa, suka ba shi haɗin waɗannan homon zalla, sai saiwarsa ta yi kama da ta farko.

Yadda bakteriya ke haɗa oksin

Saiwa tana tsatso sukari da wasu sinadarai a cikin ƙasar da ke kewaye da ita, shi ya sa bakteriya suka fi taruwa a wurin. A cikin abin da take tsatsowa akwai wani sinadari mai suna tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Bakteriya tana ɗaukar sa, ta sarrafa shi mataki-mataki har ya zama oksin, ta fitar da shi waje, saiwa kuma ta tsotse. Masu gwajin gero sun lura cewa idan aka ƙara tiriftofan a ruwan, oksin ma yana ƙaruwa.

Kowane ɓangare yana da riba. Saiwar da ta yi rassa da gashi tana tsatso abinci da yawa, bakteriya ta samu wurin zama da abin ci. Ita kuma shuka tana taɓa ƙasa mai faɗi, ta sha ruwa da yawa, ta tsotsi naitirojin da fosfat da fotash da ke cikin ƙasar. Fosfat ne ya fi cin gajiyar wannan, domin ba ya tafiya da ruwa zuwa wurin saiwa. Sai saiwa ta je inda yake.

Oksin yana da ma'auni. Ɗan kaɗan yana ƙara rassa da gashi, mai yawa yana daƙile saiwa. An ga haka a gwaje-gwajen alkama da masara: idan bakteriyar da aka sa wa iri ta wuce kima, saiwa takan gajarta. Manoman shinkafa sun san wannan ta wata fuska, domin maganin ciyawa na 2,4-D oksin ne na masana'anta, wanda ke kashe ciyawa mai faɗin ganye ta hanyar sa ta girman da ya fi ƙarfinta.

Wane aiki ne ya fi tasiri a hatsi

Don a raba gardama, masana sun lalata ƙwayoyin gado na bakteriyar ɗaya bayan ɗaya. A Italiya a 1986 an gwada Azospirillum da aka hana kama naitirojin kwata-kwata, sai aka ga har yanzu tana ƙara wa alkama rassan saiwa. A Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam kuma, a shekarun 1990, an gano ƙwayar gado mai suna ipdC, wadda ke riƙe da babban mataki na haɗa oksin. Da aka lalata ta, oksin ya ragu ƙwarai, tasirin bakteriyar a kan saiwar alkama ma ya ragu.

Wani misalin ya fito daga Masar, inda manoman bakin kogin Nilu suka daɗe suna juya shinkafa da wata ciyawar dabbobi dangin wake da ake kira barsim. A 1997 Youssef Yanni na tashar bincike ta Sakha da Frank Dazzo na Jami'ar Jihar Michigan suka ba da rahoton cewa Rhizobium na barsim yana shiga saiwar shinkafa yana ƙara mata girma. Ba ya yin ƙullutu a wurin, kuma binciken da ya biyo baya ya danganta amfanin da oksin da jibaralin da yake fitarwa, da kuma yadda saiwar ke ƙara tsotsar abincin da ke ƙasa.

Dalilin da ya sa hatsi ba ya samun naitirojin mai yawa daga masu raɓar saiwa a bayyane yake. A cikin ƙullutun wake, shuka tana kai wa bakteriya sukari kai tsaye, tana kare ta daga oksijin, ita kuma tana miƙa amoniya. A bayan saiwar gero babu wannan tsari. Abincin bai da yawa, masu neman sa suna da yawa, kuma naitirojin ɗin da bakteriya ta kama jikinta take ginawa da shi. Shuka ba ta samu sai bayan ta mutu ta ruɓe. Homon kuwa ɗan kaɗan ya wadatar.

Homon a cikin ƙullutun wake da gyaɗa

A wake da gyaɗa da waken soya, kama naitirojin shi ne babban aiki, kuma yana iya wadatar da shuka. Duk da haka ƙullutun kansa da homon ake gina shi. Tun a 1936 Kenneth Thimann ya nuna cewa akwai oksin mai yawa a cikin ƙullutu. A 1990 masana a birnin Toulouse na Faransa suka gano sinadarin da Rhizobium ke aika wa saiwa don ta buɗe masa hanya. Idan saƙon ya isa, saiwa tana canza yadda oksin da saitokinin ke taruwa a wani gurbi, ƙwayoyin wurin su fara rarrabuwa, ƙullutu ya fito. A 2007 masana a Aarhus ta ƙasar Danmak suka nuna wata shuka dangin wake da ke yin ƙullutu ba tare da bakteriya ba, saboda sashen da ke karɓar saƙon saitokinin a jikinta ya kasance a kunne koyaushe.

Manomi zai iya duba aikin da kansa. A tono gindin wake ko gyaɗa a hankali lokacin da ya fara fure, a wanke saiwar, a tsaga ƙullutu da reza. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana kama naitirojin. Idan fari ne ko kore, bai fara aiki ba ko ya daina.

Masu rage etilin

Wasu bakteriyar, ciki har da wasu nau'o'in Rhizobium, suna taimakon shuka ta hanyar rage homon. Suna da wani enzayim da aka fara bayyanawa a Japan a 1978, wanda ke farfasa sinadarin da shuka ke haɗa etilin da shi. Bernard Glick na Jami'ar Waterloo a Kanada da abokan aikinsa sun bayyana yadda abin ke aiki a 1998: bakteriya tana janye sinadarin daga saiwa ta ci, etilin ya ragu, saiwa ta ci gaba da tsawo ko da shuka tana cikin wahalar fari ko gishiri.

Abin da aka gani a gona

A 1994 Yaacov Okon na Isra'ila da Carlos Labandera-González na ƙasar Yurugwai suka tattara sakamakon gwaje-gwajen gona na shekara 20 daga ƙasashe daban-daban. Sun samu cewa Azospirillum ta ƙara amfanin gona a kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gwaje-gwajen, kuma ƙarin ya kama daga kashi 5 zuwa 30 cikin 100. Wato a kusan kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen ba a ga ƙarin da za a dogara da shi ba.

Burazil ce ta fi nisa wajen amfani da ita. A hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, Mariangela Hungria da tawagarta sun tantance nau'o'i da dama suka zaɓi waɗanda suka fi dacewa da ƙasarsu, musamman Ab-V5 da Ab-V6, waɗanda suka shiga kasuwa a 2009. A gwajinsu masara ta ƙaru da kashi 24 zuwa 30 cikin 100, alkama da kashi 13 zuwa 18. Daga baya suka nuna cewa mai masara zai iya rage kashi 25 cikin 100 na takin naitirojin da yake zubawa bayan tsiro ba tare da amfanin ya ragu ba. Masu waken soya kuma suna haɗa bakteriya biyu a iri ɗaya: Bradyrhizobium don naitirojin, Azospirillum don saiwa. An ba Hungria Kyautar Abinci ta Duniya a 2025 saboda wannan aiki. A lura cewa kashi ɗaya cikin huɗu na wani ɓangaren taki aka rage. Sauran yana nan ana zubawa.

Ina matsayin Sahel

A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015, kuma yawancin ƙasashe ba su kai ba. Ƙasar jigawa ta Nijar, arewacin Najeriya, Chadi da arewacin Kamaru tana da ƙarancin fosfat da ruɓaɓɓen ganye. A irin wannan ƙasa, ƙarin saiwa yana da amfani, amma yana da iyaka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: saiwa ko ta kai yaya, abin da ke cikin ƙasa kawai za ta tsotsa. Idan aka ƙara mata ƙarfin tsotsa ba a mayar wa gona komai ba, gonar ce za ta ƙara gajiya.

Saboda haka wurin da ya dace da waɗannan bakteriya shi ne tare da takin gargajiya, juya hatsi da wake ko gyaɗa, barin gawo a gona, da kuma sa ɗan taki a ramin shuka, dabarar da cibiyar ICRISAT ta Sadoré kusa da Yamai ta gwada tare da abokan aikinta: giram 6 na NPK ko giram 2 na DAP a kowane rami. Akwai kuma matsalar zafi. Saman yashi a farkon damina yana iya wuce digiri 50, kuma bakteriyar da aka shafa a iri ba ta jure daɗewa a busasshiyar ƙasa mai irin wannan zafi. Manomin da ya yi binne kafin ruwa ya sauka zai iya rasa yawancinsu. Bayan haka, nau'in da ya yi nasara a jihar Paraná ta Burazil ba lalle ne ya yi a Maraɗi ko Marwa ba, sai an gwada. Wannan aikin cibiyoyi ne irin su INRAN a Nijar, IRAD a Kamaru, ITRAD a Chadi da SARI a arewacin Ghana.

Abin da ya riga ya tabbata a yankin shi ne na dangin wake. Shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta Holan ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019, ya yi aiki da manoma a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe, kuma cibiyar IITA ta Ibadan tana haɗa NoduMax don waken soya. Waken soya ne ya fi nuna bambanci, domin baƙo ne a ƙasarmu. Wake da gyaɗa sukan samu bakteriyar da ta dace da su a cikin ƙasa tun asali.

Abin da mai saye zai duba

Abin da ke cikin ledar mai rai ne, don haka ranar ƙarewar aikinsa tana da muhimmanci fiye da ta buhun yuriya. Ya kamata takardar jikinsa ta faɗi sunan bakteriyar, da yawanta a kowane giram, da amfanin gonar da aka yi ta dominsa, da lambar rajistar hukuma. Na waken soya ba zai yi wa gero aikin da yake yi wa waken soya ba. Ledar da ta yi makonni a rana a bakin kasuwa, mai yiwuwa abin da ke ciki ya mutu.

Ana ajiye shi a wuri mai sanyi da inuwa. Ranar shuka ake haɗa shi da iri, a inuwa, da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari don ya manne, a bar shi ya sha iska kaɗan, a shuka a ƙasa mai danshi a ranar. Kada a wuce ma'aunin da aka rubuta, kuma kada a cakuɗa shi kai tsaye da takin zamani. Wasu magungunan iri suna kashe bakteriya, don haka a tambayi malamin gona kafin a haɗa su.

A shekarar farko ya fi kyau a ware kunya goma a sa musu, a bar goma a gefensu ba a sa ba, da iri ɗaya da taki ɗaya da ranar shuka ɗaya. Bayan mako uku ko huɗu a tono gindi biyu ko uku daga kowane ɓangare a gwada saiwarsu. Da kaka a auna abin da kowane ɓangare ya bayar, a cire kuɗin da aka kashe, sannan a yanke shawarar ko za a sa wa gona duka a baɗi.